Gunpei Yokoi

Gunpei Yokoi (10 ga Satumba, 1941 – 4 ga Oktoba, 1997) injiniya ne ɗan ƙasar Japan kuma mai ƙera kayan wasa, wanda ya shafe shekaru 31 yana aiki a kamfanin Nintendo. Shi ya ƙirƙiro Game & Watch, ya kuma jagoranci ƙera Game Boy, na'urori biyu da suka sa wasan bidiyo na hannu ya yaɗu a duniya. An san shi da ra'ayin cewa tsohuwar fasaha mai araha, idan aka yi mata sabuwar dabara, ta fi sabuwar fasaha mai tsada amfani wajen wasa.

Farkon rayuwa

An haifi Yokoi a birnin Kyoto. Ya karanci fannin lantarki a Jami'ar Doshisha, sannan Nintendo ya ɗauke shi aiki a shekarar 1965. A lokacin babbar sana'ar kamfanin ita ce buga karta, musamman irin ta Japan da ake kira hanafuda, aikin Yokoi kuma shi ne kula da injinan masana'anta.

A shekarar 1966 shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ga wani hannu mai miƙewa da Yokoi ya haɗa don nishaɗin kansa, sai ya umarce shi da ya mayar da shi hajar sayarwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka mayar da Yokoi sashen ƙirƙira, inda ya fito da wasu kayan wasan kamar Ultra Machine da Love Tester.

Game & Watch

Kafin Yokoi akwai na'urorin wasa na hannu a Amurka, irin su Auto Race na kamfanin Mattel da Microvision na Milton Bradley, wanda ya fito a 1979. An ce dabarar tasa ta zo masa ne a cikin jirgin ƙasa, da ya ga wani fasinja yana ta latsa kalkuleta don rage zaman banza. A waɗannan shekarun allon kalkuleta ya yi araha saboda gasar kamfanoni, shi ya sa Yokoi ya zaɓe shi.

Game & Watch na farko, mai suna Ball, ya fito a watan Afrilu 1980. Kowace na'ura wasa ɗaya ne a cikinta, tare da agogo. Samfurin Donkey Kong na 1982 ya zo da allo biyu masu naɗewa da kuma madanni mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsa ɗaya ke sarrafa shi zuwa ɓangarori huɗu. Wannan madanni ya zama abin koyi ga kusan duk na'urorin wasan da suka biyo baya. An sayar da Game & Watch kimanin miliyan 43.

A wannan zamanin ne kuma Yokoi ya kula da aikin matashi Shigeru Miyamoto a wasannin Donkey Kong da Mario Bros., sashensa kuma ya samar da Metroid a 1986.

Game Boy

Game Boy ta fito a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, kuma Satoru Okada na cikin manyan waɗanda suka yi aikinta tare da Yokoi. Bambancinta da Game & Watch shi ne ana iya sauya wasa ta hanyar cire kaset a sa wani.

Yokoi ya dage a kan allo mara launi, duk da cewa abokan hamayya sun nufi mai launi. Game Boy na aiki da batir huɗu na tsawon fiye da awa goma, an kuma fara sayar da ita kusan dala 90 a Amurka a 1989. Atari Lynx ta ninka wannan farashin, Game Gear ta kamfanin Sega kuwa tana cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Araha, ƙarko da daɗewar batir, haɗe da wasan Tetris da aka riƙa sayar da ita tare da shi a Amurka da Turai, su suka ba ta rinjaye. Da wasan Pokémon ya fito a 1996, kasuwarta ta sake farfaɗowa. Idan aka haɗa da Game Boy Color, an sayar da fiye da miliyan 118.

Barin Nintendo

A 1995 aka fitar da Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa cikinta a ga hoto mai zurfi da launin ja da baƙi kawai. Masu amfani da ita sun yi kukan ciwon kai da gajiyar ido, ba ta samu kasuwa ba, aka daina ƙera ta cikin ƙasa da shekara ɗaya. Bayan ya kammala Game Boy Pocket, Yokoi ya bar Nintendo a watan Agusta 1996. Mutane da yawa sun danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy, amma shi ya musanta hakan. Ya kafa nasa kamfanin mai suna Koto, ya haɗa gwiwa da Bandai wajen ƙera WonderSwan.

Mutuwa

Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta bugi bayan wata babbar mota a kan babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa. Da ya fito duba ɓarnar, wata mota mai wucewa ta buge shi. Ya mutu a ranar yana da shekaru 56.

Tasiri

WonderSwan ta fito a 1999, tare da wani wasa da aka sa wa suna Gunpey don tunawa da shi. Ita ma da allo mara launi ta fara, kuma batir ɗaya tak take buƙata. A 2003 an ba shi lambar yabo ta gudummawar rayuwa a taron masu ƙirƙirar wasannin bidiyo. Nintendo DS ta 2004 ta dawo da tsarin allo biyu masu naɗewa da ya fara amfani da shi a 1982.