Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malamin Tarihi a Midil ta Bauci

Yawancin mutane in an ambaci Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su tuna kome sai Firayim Minista da hotonsa da ke jikin takardar Naira biyar. Ba kowa ya san ma'aikacin En'e ba ne. Shekara goma sha biyu ya yi da alli a hannu yana karantar da yara a Makarantar Midil ta Bauci, albashinsa yana fitowa daga Baitulmalin Bauci kamar na malamin haraji da malamin daji da sauran ma'aikata. Wannan kashi na zamansa shi ne za mu fi tsayawa a kai, domin daga nan sauran al'amuransa suka tsiro.

An haife shi cikin ƙasar Bauci a ƙarshen shekarar 1912. Sunan ubansa Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne, ba ɗan sarauta ba, yana aiki a gidan Hakimin Lere. Sunan uwarsa Fatima Inna. Tafawa Ɓalewa kuwa sunan garin da ya tashi ne, ya bi shi kamar yadda sunayen garuruwa suka bi 'yan makaranta na zamanin nan, irin su Malam Aminu Kano da Malam Yahaya Gusau. Ya fara da makarantar allo, sa'an nan aka sa shi Elementare. A lokacin nan iyaye gudun makarantar boko su ke yi, in an ce hakimi ya kawo yara sau da yawa ya kan ɓoye nasa ya miƙa na barorinsa, ta haka 'ya'yan talakawa da dama suka sami abin da 'ya'yan iyayen gidansu suka rasa. Cikin 1925 ya wuce Makarantar Lardi ta Bauci, cikin 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, inda a ke horon malamai. Lambarsa a can 145. Ya tarad da Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, duka suna gabansa. Kwalejin nan ta yi suna wajen gyara harshen yaranta ga Turanci, shi kuwa Allah ya hore masa murya mai kauri da natsuwa, sai abin ya dace. Ya gama cikin 1933, ya koma gida aka ba shi aji.

Ya kamata mu bayyana wa na baya ko mene ne Midil, don yanzu babu ita. Yaro ya kan yi shekara huɗu a Elementare yana karatu da Hausa. Wanda ya yi fice sai a kai shi Midil a babban birnin Lardi, makarantar kwana, inda a ke shiga Turanci sosai, da lissafi, da labarin ƙasa, da tarihi, da addini. En'e ke da makarantar, ita ke ciyad da yara, ita ke biyan malamai, Baturen Makaranta yana dubawa. Kaɗan daga cikin yaran su kan wuce Kwaleji, saura kuwa En'e ke kwashe su, su zama malaman hakimai, da malaman asibiti, da na Baitulmali, da muhutai a kotunan alƙalai. Watau wanda ke karantarwa a Midil shi ke ƙera ma'aikatan da za su riƙe Lardi nan da shekara goma. Malam Abubakar ya karantad da darussa dabam dabam, amma tarihi ne fanninsa, a kansa ya zurfafa, har ya kai ga zama Hedimasta.

Koyad da tarihi a Bauci cikin 1933 ba aiki ne mai sauƙi ba. Turawa sun ci Bauci cikin 1902, shekara talatin da ɗaya ke nan kurum. Dattawan da suka ga ranar suna nan da ransu a zauruka, waɗanda suka kama bayi suna nan, waɗanda aka kama suna nan, jikokinsu kuwa suna zaune a benci ɗaya. In malami ya zo kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da yadda Malam Yakubu ya karɓo tuta ya kafa birnin Bauci, to, labarin kakan Sarkin da ke biyansa ya ke bayarwa, a gaban yaran da waɗansunsu garuruwansu aka yi ta kai wa hari. In ya zo kan zuwan Turawa, Bature ne zai shigo ya duba littafin darasinsa. Littattafai kuma ba su da yawa, sai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Ofishin Juye-juye na Zariya ya fitar a shekarun nan. Mutumin da ya yi shekaru yana bi ta tsakanin ƙayoyin nan dole ya koyi auna magana, ya faɗi abin da ya auku ba tare da ya tozarta kowa ba. Halin nan bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

In ana so a ga yadda ya ke duban tarihi, sai a duba littafinsa. Cikin 1933 Dokta East ya zaga yana neman malamai su rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafan da aka samu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar, wanda aka buga cikin 1934. Na biyun farko cike su ke da ban dariya da ban mamaki. Shi nasa ba aljani ba raha. Labarin yaro ne da aka sace daga Kagara, aka bi da shi ta Hamada zuwa ƙasar Larabawa, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, daga baya ya komo ya zama babban malami a Rauta kusa da Bauci. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ya ɗauki maganar bauta, wadda manya ke kauce wa, ya shimfiɗa ta ba zagi ba ɓoyo, da munafuncin fadawa, da yadda a ke kai hari, da yadda ayari ke ratsa rairayi. An juya shi da Turanci cikin 1967, an yi silima da shi cikin 1976.

Siyasa irin ta jam'iyyu ba ta iso Arewa ba tukuna a lokacin. Ita kalmar ma, a bakin dattawa, ma'anarta lallashi da iya zama da mutane, har in mai saye ya nemi rangwame sai ya ce a yi masa siyasa. Amma abin ya fara motsi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Cikin 1942 aka kawo Malam Aminu Kano Midil ta Bauci, ga kuma Malam Sa'adu Zungur a gari. Ba a daɗe ba aka kafa taron tattaunawa, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su kan zauna a zaɓi magana guda a yi ta muhawara a kanta. Malam Sa'adu da Malam Aminu masu zafi ne, Hedimasta kuwa mai sanyi, ya kan yarda da ciwon da suka nuna amma ba kullum ya ke yarda da maganinsu ba. Taron bai yi tsawon rai ba, don magana ta riƙa kaiwa inda hukuma ba ta so.

Cikin 1945 aka zaɓe shi cikin malaman Arewa na farko da aka aika Jami'ar London su ƙaro ilmin koyarwa. Ya komo cikin 1946, En'e ta ɗora shi kan duba makarantun ƙasar Bauci. A daidai lokacin sabon tsarin mulki na Gwamna Richards ya zo da Majalisar Wakilai a Kaduna, aka ce kowane Lardi ya aiko da mutum. Bauci ta aika da shi, daga nan kuma 'yan'uwansa suka zaɓe shi zuwa Majalisar Dokoki ta Ikko cikin 1947. Jawabansa na farko a can na malamin tarihi ne sak. Ya nuna musu haɗin Nijeriya abu ne da Turawa suka yi a takarda cikin 1914, mutanen ciki kuwa tarihinsu da addininsu da al'adunsu sun sha bamban. Mutanen Kudu ba su ji daɗin maganar ba, amma sun yaba muryar.

Babban abin da ma'aikacin En'e zai tuna shi da shi ya auku cikin Agusta 1950. Ya tashi a Majalisar Kaduna ya kawo shawara a naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e duka, a gyara shi. A lokacin, bisa doka, a manyan masarautu Sarki shi kaɗai ne En'e, majalisarsa ta shawara ce kurum, in ya so ya ji, in bai so ba shi ke nan, muddin Razdan bai hana ba. Da tarihi Malam Abubakar ya kama tsarin nan. Ya nuna ba gadon kakanni ba ne, don sarakunan dā suna da manyan majalisa da malamai waɗanda ba su iya tsallakewa. Ya nuna talaka ba a shawartarsa a kan kome, har bai ga abin da ya sāke a matsayinsa ba tun zuwan Turawa. Ya ambaci cin hanci da gaisuwa da suka ratsa ofisoshi daga sama har ƙasa. Ya nemi a fayyace aikin hakimi da na dagaci, a horad da ma'aikata, a kafa majalisu tun daga ƙauye.

A tuna fa mai maganar nan ɗan bara ne, En'e ta yi masa makaranta, ita ta ba shi aiki, ita ta aiko shi kujerar da ya tashi daga kanta, yawancin masu sauraronsa kuma manyan ma'aikatan En'e ne. Da wani ne, da ya yi shiru ya ci albashinsa. An ƙada ƙuri'a, shawarar ta wuce da rinjayen mutum ɗaya tak. Sarakuna da yawa ransu ya ɓaci. Gwamnati ba ta naɗa irin hukumar da ya nema ba, sai ta sa Turawan mulki biyu, Mista Maddocks da Mista Pott, suka zaga Larduna suka rubuto rahoto. Duk da haka aikin ya yi amfani. Cikin 1952 aka kashe tsarin Sarki shi kaɗai, aka mai da shi Sarki cikin Majalisa, cikin 1954 aka yi sabuwar Dokar En'e, a shekarar nan kuma makarantar horon akawuna ta Zariya ta zama babbar makarantar koyon aikin mulki, inda ma'aikatan En'e suka riƙa zuwa kwas.

Cikin watan Agustan nan dai aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kafin shekara ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya shiga ta. Nan malaman Midil biyu suka raba hanya. Ɗaya ya ga ginin ya ruɓe sai rushewa, ɗaya ya ga a yi masa yaɓe a sāke azara. Har yau ana gardama a kan wanda ya fi gaskiya. Abin da ba a gardama a kai shi ne na cikin gida ya sami gyaran da ya samu ne don akwai mai bugun ƙofa daga waje, na waje kuma da wuya a saurare shi da ba a ji irin maganarsa daga bakin na ciki ba.

Sauran labarinsa sananne ne. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama ta siyasa cikin 1951, Sardauna ya zama shugabanta daga baya, shi yana mataimaki. Ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, sa'an nan na Sufuri. Cikin 1955 ya tafi Amurka duba yadda jirage ke aiki a kogin Misisipi, ya ga mutane iri iri sun zama ƙasa ɗaya, ya komo ya sāke ra'ayinsa na 1947, bai kuwa ɓoye ya sāke ba. Ya zama Firayim Minista cikin 1957, ya karɓi 'yancin Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960. A zamaninsa aka ja hanyar jirgin ƙasa ta Bauci zuwa Maiduguri, aka soma madatsar ruwa ta Kainji, da shi aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa cikin 1963.

Haƙurin da ya yi masa amfani a aji bai ishe shi a nan ba. Rikicin Jihar Yamma na 1962, da gardamar ƙidayar jama'a, da zaɓen 1964, da tashin hankalin ƙasar Tibi, duk sun taru a kansa. Da zaɓen Yamma na Oktoba 1965 ya ɓaci, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, ya yi ta jira ko ƙura ta lafa da kanta, har masoyansa sun ga ya yi jinkiri. Ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko kan maganar Rodeshiya cikin Janairu 1966. Kwana kaɗan bayan sun watse, daren 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwana shida aka sami gawarsa a bakin hanya bayan garin Ikko. Shekarunsa 53. Allah ya ji ƙansa.

Bai bar dukiyar da za a ambata ba, sai gida da gona a Bauci. Can aka kai shi aka binne, daga baya aka gina hubbare a kan kabarin, aka sa wa jami'ar garin sunansa. En'e ɗin da ya yi wa aiki, ya kuma nemi gyaranta, ta yi shekara goma a bayansa. An fara da karɓe mata 'yan doka da gidajen yari da kotuna, cikin 1976 kuma aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi.