Martin Luther King: Limamin Da Ya Nemi Lasin Bindiga, Kana Ya Fitar Da Ita Daga Gidansa

Daga Wakilinmu

Galibin waɗanda suka ji labarin marigayi Dakta Martin Luther King, jagoran baƙar fatar Amurka, sun san shi da abu guda, watau mutumin da ya hana mabiyansa ramuwa ko da an doke su, ko an sakar musu karnuka. Haka ɗin ne kuwa. Amma ba a cika faɗin cewa wannan limamin Kirista ya taɓa zuwa ofishin hukuma da ƙafarsa neman lasin riƙe libarba ba, ko cewa akwai lokacin da masu gadi ɗauke da bindigogi ke kwana a ƙofar gidansa.

An haife shi ran 15 ga watan Janairu, 1929, a birnin Atlanta ta Jihar Jojiya, cikin kudancin Amurka, inda doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, da asibiti, da motar haya, har da wurin shan ruwa. Limanci gado ne a gidansu, domin mahaifinsa da kakansa na wajen uwa duk sun shugabanci majami'ar Ebenezer ta ɗariƙar Baftis. Ya shiga Kwalejin Morehouse yana da shekara 15, ya gama cikin 1948, sa'an nan ya wuce makarantar horar da limamai ta Crozer a Jihar Pennsylvania. Ya auri Coretta Scott cikin 1953, ya kuma sami digirin dakta a Jami'ar Boston cikin 1955.

A Crozer ne ya fara karo da tambayar da ta daɗe tana raba kan malaman Kirista: shin ya halatta mabiyin Yesu Almasihu ya ɗauki makami? Masu cewa a'a suna kafa hujja da huɗubar da Yesu ya yi a kan dutse, inda ya hori almajiransa da barin ramuwa da ƙaunar maƙiyi, da kuma yadda ya hana Bitrus aiki da takobi a daren da aka zo kama shi. Tertullian na Kartaj, wanda ya yi zamani wajen shekara ta 200, yana cikin masu ganin aikin soja bai dace da Kirista ba, kuma ɗariƙun Kwaka da Menonayit sun riƙe irin wannan ra'ayi har yau. Masu cewa i kuwa suna nuna wurin da Linjilar Luka ta ambaci sayen takobi, da wasiƙar Bulus ga Romawa wadda ta ba mai mulki ikon hukunta mugu. Augustine, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu cikin 430, ya yarda hukuma ta yi yaƙi bisa adalci, amma bai so mutum ya kashe wani don tsirar da ransa shi kaɗai ba. Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya halatta kare kai, muddin niyyar tsira ce, ba kisa ba, kuma ba a wuce gona da iri ba.

King yana ɗalibi bai tsaya a ɓangare guda ba. Cikin 1950 ya ji laccar Mordecai Johnson, shugaban Jami'ar Howard, a kan Mahatma Gandhi, abin ya shige shi ƙwarai har ya sayi littattafai a kansa. Amma ya karanta Reinhold Niebuhr, malamin tauhidin da ya bar ra'ayin ƙin yaƙi saboda ya ga azzalumai ba sa sakin mulki don wa'azi. A lokacin King yana ganin yaƙi, duk da muninsa, zai iya tare wani sharrin da ya fi shi.

Da wannan rabin shawara ya kama limancin majami'ar Dexter Avenue a birnin Montgomery ta Jihar Alabama cikin 1954. Ran 1 ga watan Disamba, 1955, aka kama Rosa Parks domin ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. Ran 5 ga wata baƙar fatar garin suka ƙaurace wa motocin, suka kuma zaɓi King, saurayi ɗan shekara 26, baƙo a garin, ya ja ragamar al'amarin.

Ran 30 ga watan Janairu, 1956, da dare, yana wurin taro a coci, aka jefa bam a barandar gidansa. Matarsa da jaririyarsu Yolanda, wadda ba ta cika wata uku ba, suna ciki, amma Allah ya kiyaye su. Kafin ya iso, jama'a sun cika ƙofar gidan, waɗansu da bindigogi, waɗansu da wuƙaƙe, ga magajin gari da kwamishinan 'yan sanda tsaye a tsakiyarsu. King ya hau barandar da ta tarwatse, ya shaida musu iyalinsa lafiya suke, ya roƙi mai makami ya mai da shi gida, wanda ba shi da shi kada ya nema, ya tuna musu umurnin Yesu game da maƙiyi. Taron ya watse ba a zub da jini ba.

To, a nan ne labarin ya ɗauki wata hanya. Kwanaki kaɗan bayan wannan jawabi, dattawan coci da abokai suka matsa masa, ya tafi ofishin shugaban 'yan sandan gunduma ya nemi lasin riƙe ƙaramar bindiga a mota. Aka hana shi. A Alabama ta wancan zamani ba da irin wannan lasin ganin damar jami'in ne, jami'in kuwa Bature ne, saboda haka ba sai an yi dogon bincike a kan dalili ba. Duk da haka aka sa masu gadi da makamai, aka kewaye gidan da fitilu. Glenn Smiley, wani limami Bature na ɗariƙar Metodis da ya ziyarce shi a lokacin, ya kwatanta gidan da ma'ajiyar makamai. Wani ɗan jarida, William Worthy, saura kaɗan ya zauna a kan libarba da aka ajiye bisa kujerar falo.

Wanda ya ja hankalin Worthy ran nan shi ne Bayard Rustin, baƙar fata ɗan ɗariƙar Kwaka, wanda ya sha ɗauri lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ya ƙi shiga soja. Ya iso Montgomery cikin watan Fabrairu, 1956, shi da Smiley suka yi ta zama da King suna tattaunawa. Hujjarsu ita ce, jagora ba ya hana jama'a abin da shi yake ɓoye a ɗaki, kuma ran da mai gadinsa ya harbi wani, ko da bisa kuskure ne, ran nan maganar kujerar bas ta mutu, sai maganar kisan kai. King ya shawarta da matarsa, suka fitar da bindigar da suka mallaka. Masu gadi suka ci gaba da kwana, amma hannu sake. Daga baya ya bayyana cewa ya fi jin tsoro sa'ad da bindigar ke gidan, domin rabuwa da ita ne ya tilasta masa ya dubi mutuwa ido da ido, ya gama da ita a zuciyarsa. Ƙauracewar ta kai kwana 381, Kotun Ƙoli ta rushe dokar wariya a motocin cikin Nuwamba, 1956.

Cikin watan Maris, 1957, ya halarci bikin 'yancin kan Gana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya koma gida yana wa'azi da cewa ga al'ummar da ta fita daga hannun Ingila ba tare da ta ɗauki makami ba. Ya je Indiya cikin 1959, ya zo Ikko cikin Nuwamba, 1960, wajen rantsar da Dakta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Cikin Satumba, 1958, yana sa hannu a littafinsa a unguwar Harlem ta New York, wata mata mai taɓin hankali ta luma masa wuƙar buɗe wasiƙa a ƙirji, dab da babbar jijiyar zuciya. Da ya farfaɗo, abin da ya nema shi ne a yi mata magani. Cikin Satumba, 1962, a Birmingham, wani saurayi ɗan jam'iyyar Nazi ta Amurka ya hau dandamali ya naushe shi a fuska a gaban jama'a. King ya sauke hannuwansa, ya hana a taɓa yaron, ya kuma ƙi kai ƙara.

Amma kuskure ne a ɗauka ya ɗora wa kowa wannan kaya. Cikin 1959 Robert Williams, tsohon soja, shugaban reshen ƙungiyar NAACP a garin Monroe ta Karolina ta Arewa, wanda mutanensa suka taɓa korar 'yan ta'addar Ku Klux Klan da harsashi, ya ce tun da kotu ba ta kare baƙar fata, sai su mai da martani da irin abin da aka zo musu da shi. Ƙungiyar ta dakatar da shi. King ya amsa masa a mujallar Liberation cikin Oktoba na shekarar, inda ya kasa al'amarin kashi uku. Akwai barin ramuwa ɗungum, wanda ya ce yana da wuya, ba kowa zai iya ba. Akwai kare kai da iyali daga mahari, wanda ya ce kowace al'umma ta yarda da shi, Gandhi ma bai haramta shi ga wanda ya kasa na farko ba. Sai na uku, watau shirya makamai a mai da su hanyar neman hakki, wannan ne ya ƙi. Lissafinsa a fili yake: baƙar fata ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar ba, soja da 'yan sanda kuwa na ɗaya ɓangaren ne. Game da zanga-zanga bai yi sassauci ko kaɗan ba, domin a ganinsa tsakanin kare kai da kai hari a tsakiyar taro tazarar ba ta fi zare ba.

Birmingham ta gwada wannan ra'ayi cikin 1963. Kwamishinan tsaro Bull Connor ya sakar wa 'yan makaranta karnuka da mesar ruwa ta 'yan kwana-kwana, hotunan suka zaga duniya, suka yi wa gwamnatin Amurka abin da harsashi ba zai yi ba. Ran 28 ga Agusta mutum wajen 250,000 suka taru a Washington. Ran 15 ga Satumba kuwa bam ya kashe 'yan mata huɗu a wata majami'ar Birmingham, aka bar King da aikin yi wa iyaye wa'azin haƙuri a gaban akwatunan gawa. Malcolm X, wanda sau ɗaya tak suka haɗu, cikin Maris, 1964, yana ganin zalunci ne a hana wanda ake kashewa kare kansa, ya kuma yi kira a kafa ƙungiyoyin koyon harbi. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, da ta jefa ƙuri'a ta 1965, da lambar Nobel da aka ba King yana da shekara 35, ba su kashe wannan gardama ba.

Masu sukarsa har daga cikin coci suke. Cikin 1964 waɗansu baƙar fata a garin Jonesboro ta Luwiziyana, da yawansu tsofaffin sojoji kuma masu zuwa coci, suka kafa ƙungiyar tsaro mai makamai da ake kira Deacons for Defense. Da aka harbi James Meredith cikin Yuni, 1966, a kan hanyarsa ta tattaki a Misisipi, King da Stokely Carmichael suka ci gaba da tafiyar, waɗannan mutane kuwa su ne suka riƙa gadin zango da dare. King ya yarda da haka ba da son ransa ba. A nan masu cewa rashin ramuwarsa ya sha fakewa a inuwar bindigar waɗansu suna da abin faɗa, kuma adalci ne a ba su wannan.

Ran 4 ga Afrilu, 1967, a majami'ar Riverside ta New York, ya fito ya la'anci yaƙin Biyetnam. Dalilin da ya bayar shi ne, duk sa'ad da ya hana samarin unguwannin talakawa jefa kwalbar fetur, sai su tambaye shi me gwamnati ke yi a Biyetnam, shi kuwa ba shi da amsa. Manyan jaridu suka yi masa ca, zumuncinsa da Shugaba Lyndon Johnson ya yanke, waɗansu abokan tafiya suka ja da baya.

Cikin Maris, 1968, ya je Memphis don goyon bayan ma'aikatan kwasar shara wajen 1,300 da ke yajin aiki. Macin da ya jagoranta ran 28 ga wata ya rikiɗe ya zama fashe-fashe, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 16. Abin ya dame shi matuƙa, ya ƙudura komawa ya nuna za a iya yin maci lami lafiya. Ran 4 ga Afrilu da yamma, yana tsaye a barandar masaukin Lorraine, aka harbe shi da bindigar farauta daga wani gida da ke tsallaken titi. Ya rasu yana da shekara 39. An kama James Earl Ray, wani fursuna da ya tsere, a filin jirgin saman Landan cikin Yuni, ya amsa laifi cikin 1969, aka yanke masa shekara 99, ko da yake daga baya ya janye amsar, ya mutu a tsare cikin 1998.

Tarzoma ta ɓarke a garuruwa fiye da 100, mutum fiye da 40 suka mutu. Ran 9 ga Afrilu alfadarai biyu suka ja keken da ke ɗauke da gawarsa a titunan Atlanta. Cikin Oktoba na shekarar majalisar ƙasar ta kafa dokar taƙaita cinikin bindigogi.

Shekara shida bayan haka, ran 30 ga Yuni, 1974, mahaifiyarsa Alberta tana zaune tana kaɗa ogan a majami'ar Ebenezer ran Lahadi da safe, wani saurayi baƙar fata ya tashi daga cikin masu sujada ya harbe ta, ya kuma kashe wani dattijon coci. Tsohon limamin, wanda ya binne ɗa ya binne mata, ya ci gaba da shaida wa jama'a cewa ba ya riƙe da kowa a zuciya. Ya rasu cikin Nuwamba, 1984.