Hubert Ogunde: ɗan sandan da ya tuɓe kaki ya hau dandalin wasa

A filinmu na tarihin mazan jiya, yau za mu ƙetare iyaka, mu wuce Kano, mu gangara har ƙasar Yarbawa. Mu a nan Damagaram wasan kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Muna da wasan kara, inda ake kwaikwayon masu iko a bainar jama'a, a yi dariya a watse, kuma manyanmu ba su manta da teyatur ɗin su Yazi Dogo ba. To, mutumin da muka ɗauko yau shi ma da waƙa da rawa da kwaikwayo ya ci abinci kusan shekara 45, sai dai nasa wasan ya sha kai shi gaban alƙali.

An haifi Hubert Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin jihar Ogun ta yanzu a Najeriya. Mahaifinsa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa masanin duban gargajiya ne na Yarbawa. Yaron ya taso tsakanin gida biyu ke nan: nan ya ji waƙar coci, can ya ji ganga da kirarin gargajiya. Duk abin da ya yi daga baya, in an duba da kyau, waɗannan biyun ne ya gauraya.

Da farko mushen lakwal ne, yana kuma kaɗa molon coci. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda, aka kai shi Ebute Metta a Legas. Can ne wata coci da ke neman kuɗin gini ta roƙe shi ya shirya mata wasa. A 1944 ya nuna wasansa na farko a zauren Glover, labarin Adamu da Hauwa'u a gidan Aljanna, kusan duk maganar cikinsa da waƙa aka rera ta. Jama'a suka yaba. Ba a daɗe ba ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyarsa, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a Najeriya da 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai wasan.

Ku tuna fa, a lokacin albashin gwamnati ba abin yarwa ba ne. Mutum ya bar shi don ya yi rawa a gaban mutane, ai sai a ce ya taɓu.

Babbar matsalar da ya fara cin karo da ita ita ce mata. Iyaye ba su yarda 'yarsu ta hau dandali, balle ta bi mota gari gari. Ya yi cigiya a jarida, amsar ba ta taka kara ta karya ba, wadda ta zo kuma da ta sami miji sai ta tafi. Dabarar da ya yi ita ce auren 'yan wasan nasa, har ƙungiyar ta koma gida guda: mata da 'ya'ya su ne mawaƙa, su ne masu rawa. Wasu na yaba wannan dabara, mu dai muna ganin matan nan sun ɗauki nauyin da ba a cika ambata ba. Ɗaya daga cikinsu, Adesewa, wadda ita ce tauraruwar ƙungiyar, a hatsarin mota ta rasu a 1970.

Inda labarin ya fi zafi shi ne tsakaninsa da Turawan mulkin mallaka. A 1945 ma'aikatan Najeriya, 'yan reluwe a gaba, sun yi yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40 saboda tsadar rayuwa. Ogunde ya mai da abin wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa. Da ya kai shi Jos a 1946, 'yan sanda suka tsai da wasan, aka gurfanar da shi, aka ci shi tara. Tsohon ɗan sanda a hannun 'yan sanda ke nan.

Bai daddara ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley, kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. Shekara na zagayowa ya fito da Bread and Bullet, burodi da harsashi. Da ya iso Kano da shi, hukuma ta hana nunawa, aka sake kai shi kotu. Abin da ya ba Turawa tsoro a fili yake. Jarida sai wanda ya yi boko, shi kuwa wasan Ogunde ɗan dako da mai tallan goro duk suna ganewa, su fita zaure da waƙar a bakinsu, gobe a ji ta a kasuwa.

Ba kullum yake faɗa ba, mutum ne mai neman kasuwa. A 1947 ya je Ingila ya koyo salon rawar Turawa. Da ya kai wasa Gana karo na farko ya tafka asara, don 'yan kallo ba su jin Yarbanci. Sai ya dawo ya sake shiri, ya ƙara kiɗa da barkwanci da Turancin kasuwa, ya koma ya ci riba.

Bayan samun 'yanci a 1960 sai ya gano cewa naka ma yana iya toshe maka baki. Rikici ya raba kan 'yan siyasar Jihar Yamma, Obafemi Awolowo yana kurkuku, Ladoke Akintola yana kan kujerar firimiya. A 1964 Ogunde ya nuna Yoruba Ronu, ma'ana Yarbawa su yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Akintola na cikin 'yan kallo. Ya gane inda aka dosa, ya tashi ya fice da mutanensa. Aka haramta wa ƙungiyar wasa a duk faɗin jihar, aka hana sa faifansa a gidan rediyo da talabijin na gwamnatin. Wato an raba shi da kasuwarsa mafi girma, ga iyali jingim suna jiran abinci. Sai bayan juyin mulkin soja na Janairu 1966 gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin.

Shekara guda bayan haka ƙungiyarsa ta wakilci Najeriya a babban baje kolin duniya na Montreal a Kanada. Da zamani ya juya zuwa silima, shi ma ya juya. Fim ɗinsa Aiye na 1979, kan mayu da masu yaƙarsu, ya cika gidajen kallo, wasu suka biyo baya, ciki har da Jaiyesimi da Ayanmo. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta danƙa masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Wasannin da ya shirya a rayuwarsa sun haura 50.

Aikinsa na ƙarshe a arewa ya yi shi. Ya fito a fim ɗin Mister Johnson, labarin wani akawu a zamanin Turawa, wanda aka ɗauka a arewacin Najeriya tare da Pierce Brosnan. A wannan tsakanin ne ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti a Landan, ya rasu ranar 4 ga Afrilu 1990. An binne shi a Ososa, kuma iyalinsa sun mai da gidansa na can gidan tarihi, inda aka adana gangunansa da tufafin wasansa.