Carter Woodson, mahaƙin gawayin da ya tono tarihin baƙar fata

Ku tuna lokacin da wasiƙa ke zo muku daga Kano ko Abijan, ku ɗauke ta ku shiga gari neman mai karanta muku. Wani ya karanta tsakani da Allah, wani ya tsallake wurin da ya gagare shi. Mutumen da za mu ba ku labarinsa yau da irin wannan aiki ya fara, wato karanta wa manya abin da ba su iya karantawa da kansu. Ba'amurke ne, baƙar fata. Ana rubuta sunansa Carter Woodson, amma a baki sai ku ce Kata Wudsan.

An haife shi ranar 19 ga Disamba 1875, a wani ƙauye na jihar Birjiniya. Shekara 10 ke nan da hana bauta a Amurka. Uwarsa da ubansa duka cikin bauta aka haife su, don kakanninsu na nesa daga Afirka aka kwaso su cikin jiragen ruwa. Uban kafinta ne kuma manomi, bai iya karatu ba. Uwar ta iya kaɗan. Gida cike da yara, gona kuwa ba ta ciyar da su yadda ya kamata.

Lakwal ɗin ƙauyen ƴan watanni kaɗai take buɗe a shekara. Ko cikin watannin ma Wudsan ba kullum yake zuwa ba, sai ranar da ruwa ko ƙanƙara suka hana aikin gona. Kawunnansa biyu ne ke koyarwa a wurin. Da ya fara haɗa baƙi, sai uban ya riƙa sa shi karanta masa duk tsohuwar jaridar da ta shigo hannu.

Yana da shekara 17 ya bi wansa zuwa jihar Birjiniya ta Yamma neman kuɗi. Can ya shiga ramin haƙar gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, wajen Agadas. Aiki ne na cikin duhu da ƙura, dutse na iya rufto wa mutum kowane lokaci.

Cikin mahaƙan akwai wani dattijo mai suna Oliba Jons. Tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, wanda baƙaƙe wajen dubu 180 suka shiga da kakin soja. Jons bai iya karatu ba, amma yana sayen jaridu da littattafai yana ajiyewa. Da dare gidansa ya zama mahaɗar ma'aikata, yana sayar musu da ƴaƴan itace da kayan zaƙi. Da ya gane yaron nan ya iya karatu, sai suka shirya: Wudsan ya karanta wa jama'a jarida da ƙarfi, a ba shi abin taɓawa kyauta.

Ku duba abin da ya faru a ɗakin nan. Yaro na karatu, tsofaffi na saurare. In ya kai wani wuri sai gardama ta tashi. Wannan ya ce yana wurin ranar da aka yi abin. Wancan ya ba da labarin yadda ya gudo daga hannun ubangijinsa. Ya zo ya karanta musu, sai ga shi yana ɗaukar karatu a wurinsu. Ya lura da wani abu da bai sake barin zuciyarsa ba: abin da mutanen nan suka gani da idonsu, babu shi cikin littattafan lakwal.

A 1895, yana gab da cika shekara 20, ya ajiye diga ya shiga makarantar sakandare ta baƙaƙe a garin Hantintan. Ya zauna aji ɗaya da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba. Ku da kuka zauna kan benci da furfura kun san nauyin wannan zama, ba sai an gaya muku ba. Cikin ƙasa da shekara 2 ya gama. A 1900 aka naɗa shi shugaban wannan makarantar da ya shiga da kunya.

Daga nan karatu ya miƙe. Yana koyarwa yana tara kuɗi, in sun taru ya koma aji. Ya samu digirin farko a kwalejin Beriya ta jihar Kentaki a 1903. Da ya yi jinkirin shekara guda da ƙofa ta rufe, don a 1904 jihar ta kafa dokar hana baƙi da fari zama aji ɗaya. Ya yi aikin duba makarantu a tsibiran Filifin har zuwa 1907, ya yi ƴan watanni a jami'ar Sorbon ta birnin Pari, ya ƙaro digiri a Shikago a 1908. A 1912 jami'ar Harbad ta ba shi digirin dokta a fannin tarihi. Shi ne baƙar fata na biyu da ya samu dokta a can, bayan Du Boyis.

To, ga takarda a hannu, sai me? Manyan jami'o'in Turawa ba su ɗaukar baƙar fata aikin koyarwa a lokacin. Ya ci gaba da zama mushen lakwal a birnin Washintan. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne, manyan malaman tarihi da yawa na wancan zamani suna ganin baƙar fata ba shi da tarihin da ya isa a rubuta. In an ambace shi cikin littafi, to bawa ne mai ɗibar auduga, shi ke nan. A 1915 ma wani fim ya fito wanda ya mai da baƙaƙe miyagu da wawaye, ya mai da masu kashe su jarumai. Jama'a suka yi ta cika gidajen silima, har a fadar shugaban ƙasa an nuna shi.

Wudsan bai tsaya zagin fim ba. Ranar 9 ga Satumba 1915, a Shikago, shi da mutum huɗu suka kafa ƙungiyar binciken rayuwa da tarihin baƙar fata. A Janairu 1916 ya fito da mujallar ƙungiyar. Babu kuɗi a asusu, sai ya ci bashin dola 400 da sunansa ya biya masu ɗab'i. Dolar Amurka fa ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Yaya ake tono tarihin mutanen da aka hana wa rubutu? A jihohin kudu da yawa doka ta hana a koya wa bawa karatu. Wudsan ya bi duk inda sawu ya rage. Ya nemi tsofaffin wasiƙu da ke cikin akwatunan mutane, da takardun cinikin bayi, da takardun ƴantawa, da rajistar coci-coci, da sanarwar da iyayengiji ke bugawa a jarida in bawa ya gudu. Sanarwar nan takan faɗi sana'ar bawan, da harshen da yake ji, wani lokaci har ta ce ya iya rubutu. Mai neman bawansa bai san yana ajiye wa masu tarihi shaida ba. Ya zauna kan takardun ƙidayar jama'a ta 1830, ya fitar da sunayen baƙaƙe ƴantattu masu gidan kansu, ɗaya bayan ɗaya. Cikin aikin ya tarar wasu baƙaƙen su ma sun mallaki bayi. Bai ɓoye ba, ya buga a 1924. Ya nuna kuma da yawansu matansu ne ko ɗiyansu suka fanso da kuɗi, amma a takarda suna nan a matsayin bayi. A ganina nan ne ya nuna shi malamin tarihi ne, ba maroƙi ba. Takardun da ya tattara, wajen dubu 5, ya kai su babban gidan ajiyar littattafai na Majalisar Amurka don kowa ya iya dubawa.

Kamfanonin ɗab'i ba su son irin littattafansa, sai ya kafa nasa a 1921. A 1922 ya bar koyarwa gaba ɗaya, ya sayi wani gidan bene a Washintan. Ƙasa ofis da ɗakin ajiyar littattafai, sama wurin kwanansa. Bai yi aure ba har ya mutu. Shi ke rubutu, shi ke gyara, sau da yawa shi ke ɗaure littattafai ya kai gidan waya.

Kada ku ɗauka mutum ne mai sauƙin zama. Yana da kafiya da kaifin baki. Shekara ɗaya tak ya yi yana shugabancin wani sashe a jami'ar Hawad, suka saɓa da shugaban jami'ar, ya tafi. Samarin malamai da suka yi aiki ƙarƙashinsa sun sha wuyarsa. Gidauniyoyin attajiran Turawa sun ba shi kuɗi masu yawa a farkon shekarun 1920, daga baya suka so ya sa ƙungiyar ƙarƙashin wata jami'a. Ya ƙi. Suka janye hannu, ga kuma matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa duniya tun 1929. Ƙila da ya sassauta da ya samu mataimaka da yawa. Amma da ya sassauta, da wasu ne za su riƙa zaɓa masa abin da zai rubuta. Ya koma ga talakawa, malaman lakwal da coci-coci da ƙungiyoyin mata, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu. Da wannan karo-karo aikin ya rayu.

Talakawan nan sun riga sun san shi, saboda wata dabara da ya yi a 1926. Ya ga mujalla malamai kaɗai ke karanta ta. Sai ya ware mako guda cikin Fabrairu ya kira shi makon tarihin baƙar fata. Bai zaɓi watan da ka ba. Baƙaƙe sun saba bikin haihuwar shugaba Linkon, wanda ya sa hannu kan takardar ƴanta bayi, ranar 12 ga wata, da na Firedirik Duglas, bawan da ya gudu ya zama babban mai yaƙi da bauta, ranar 14. Wudsan ya ɗora sabon abu bisa abin da mutane suka saba. Ya riƙa aika wa makarantu hotuna da darussa da gajerun wasannin kwaikwayo. Ya rubuta wa yara littafin tatsuniyoyi da karin maganar Afirka a 1928, da na jaruman Afirka a 1939, don su san tarihinsu bai fara daga cikin jirgin bayi ba.

Malaman lakwal, mafi yawansu mata, su suka ɗauki kayan a ka. Wani lokaci a ɓoye. Wani ɗalibi a jihar Luwiziyana ya ba da labarin malamarsu da ke ɗora littafin Wudsan bisa cinya, ƙarƙashin tebur, tana karanta musu. In shugaban makaranta ya shigo sai ta koma darasin gwamnati, in ya fita ta ci gaba.

A 1933 ya buga littafinsa da aka fi karantawa, kan gurguwar tarbiyyar da makaranta ke ba baƙar fata. Maganarsa ita ce, yaro na iya shekara da shekaru a aji, a koya masa girmama na kowa, a koya masa raina nasa. In ya fito sai ya ji kunyar iyayensa, ya kasa amfanar unguwar da ta haife shi. Tsofaffinmu da suka yi lakwal zamanin Nasara, waɗanda suka haddace kogunan Faransa kafin su san inda gulbin garinsu ya fito, za su gane wannan zance. Ba cewa ya yi a bar makaranta ba. Mutumen da ya fito daga rami don ya shiga aji ba zai ce haka ba. Abin da ake zubawa cikin kan yaro ne ya dame shi.

Ya rasu a gidansa ranar 3 ga Afrilu 1950, da ciwon zuciya, yana da shekara 74. Ya bar wani babban kundin sani kan Afirka da ƴaƴanta bai gama ba. Har ranar nan babu wata babbar jami'ar Turawa a Amurka da ke da sashen wannan ilimi.

Ɗalibai ne suka ƙarasa. A Nuwamba 1968 ɗaliban kwalejin gwamnati ta San Faransisko suka shiga yajin karatu. Suka yi kusan wata 5, aka kama ɗaruruwansu, ƴan sanda suka doki wasu. Cikin abin da suke nema har da sashen nazarin baƙar fata mai cin gashin kansa. A Maris 1969 aka amince. A shekarar nan Harbad ma ta buɗe nata, wasu jami'o'i da yawa suka biyo baya. A 1976 shugaba Jeral Fod ya yi kira ga ƙasa duka ta kiyaye watan tarihin baƙar fata, mako ya zama wata.

Yau saurayi ko budurwa, baƙi ko fari, na iya shiga jami'a a Amurka ya zaɓi wannan fanni ya zama shi ne ginshiƙin karatunsa na shekara 4. Zai karanta daulolin Afirka irin su Mali da Songhai, da cinikin bayi, da gwagwarmayar neman ƴanci. Zai karanta adabi da kiɗa, da dokoki, da dalilin da ya sa wata unguwa ke da likita da lakwal mai kyau wata kuwa babu. In ya gama yakan zama malami, ko ɗan jarida, ko ya wuce karatun shari'a. Akwai masu cewa fannin siyasa ce kawai, akwai masu kare shi, gardamar ba ta mutu ba.

Gidan benen nan na Washintan yanzu yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka. Mujallar da aka fara da bashin dola 400 kuwa tana fitowa har yau, sau 4 a shekara, sai dai an sake mata suna a 2002.