FIRIDA KALO: MAI ZANEN DA TA KOYI SANA'ARTA A KAN GADON JINYA

Duk wanda ya taɓa leƙa intanet don neman yadda sabon shiga zai zana fuskar mace da fentin akirilik, da wuya bai ci karo da wata fuska guda ba. Mace ce mai gira a haɗe, an yi mata kitso an jera furanni a kai, ga launuka ja da kore da rawaya sun cika allon. Sunanta Firida Kalo, 'yar ƙasar Meziko, kuma ta rasu tun 1954. Masu koyon zane suna son kwaikwayon fuskarta domin tana da sauƙin ganewa: da zarar an ja girar an ɗora furen, kowa zai ce ita ce. A wannan ɗan rubutu zan kawo tarihinta a taƙaice, musamman yadda ita kanta ta fara a matsayin sabuwar shiga, domin a ganina wannan ɓangare ne aka fi mantawa da shi.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Firida ranar 6 ga Yuli, 1907, a Koyowakan, wani ƙaramin gari a gefen birnin Meziko wanda daga baya birnin ya haɗiye shi. Mahaifinta Giyermo Kalo Bajamushe ne da ya zo Meziko a 1891, sana'arsa ɗaukar hoto, kuma yana fama da farfaɗiya. Mahaifiyarta Matilde tana da jinin Sifaniyawa da na 'yan asalin ƙasar. Firida ce ta uku a cikin 'ya'ya mata huɗu da suka haifa. Da ta girma sai ta riƙa cewa a 1910 aka haife ta, wato shekarar da juyin juya halin Meziko ya fara.

Tana da shekara shida ciwon shan inna ya kama ta, ya bar ƙafarta ta dama siririya. Wannan ya ƙara kusanta ta da mahaifinta, kasancewar shi ma ya san zafin ciwo. Ya ƙarfafa mata gwiwa ta shiga wasannin motsa jiki, ya kuma koya mata gyaran hotuna da ƙaramin buroshi a ɗakin aikinsa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk zanenta na gaba aikin ƙaramin buroshi ne.

A 1922 ta shiga babbar makarantar share fagen jami'a ta ƙasar. Mata 35 ne kawai a cikin ɗalibai kimanin 2,000. Burinta a lokacin ta zama likita. Zane kuwa abin sha'awa ne kawai a gare ta, ko da yake ta ɗan koyi jan layi a wurin wani abokin mahaifinta mai sana'ar ɗab'i.

Hatsarin mota

Ranar 17 ga Satumba, 1925, tana dawowa daga makaranta, motar bas da ta shiga ta yi karo da jirgin lantarki na cikin gari. Mutane sun mutu. Wani ƙarfe ya soke ta a ƙugu, ƙashin bayanta ya karye wuri uku, ƙafar dama ta karye wuri goma sha ɗaya. Ta yi wata guda a asibiti, sannan ta ci gaba da jinya a gida. Bayan shekara guda ciwon bayan ya dawo, aka ɗaure ta cikin rigar filasta, aka ce ta kwanta. Daga nan zancen karatun likita ya ƙare. Kafin ƙarshen rayuwarta an yi mata tiyata fiye da sau 30.

A wannan kwanciya ce ta fara zane da gaske. Mahaifiyarta ta sa aka haɗa mata wani madogarin allo da za ta iya amfani da shi a kwance, mahaifinta ya ara mata fentin mansa da buroshi, aka kuma kafa madubi a saman gadon. Wanda ke kwance a ɗaki ba ya fita, me zai zana? Fuskar da ke cikin madubi ita ce kaɗai ba ta gajiya da zama, ba ta kuma neman a biya ta.

Hoton kanta na farko da ta zana, a 1926, zai ba mai karatu mamaki. Babu fure ko ɗaya a cikinsa. Tana sanye da rigar karan-miski mai launin jan garura, bayanta duhu ne, ta kuma tsawaita wuyanta da yatsunta kamar yadda ta gani a littattafan tsofaffin masu zanen Turai. Aikin ɗaliba ne mai kwaikwayo, kuma ta yi shi ne kyauta ga saurayinta wanda suka yi hatsarin tare. Launuka masu haske da muka san ta da su sai bayan shekaru suka shigo, kuma ko wannensu yana da inda ya fito.

Aure da tafiye-tafiye

A 1928 ta shiga jam'iyyar kwaminisanci, ta kuma kai zanenta wurin Diyego Ribera, wanda a lokacin shi ne mafi shahara cikin masu zanen bango a ƙasar. Tambayarta ita ce ko aikin zai iya ciyar da ita, in ba haka ba ta nemi wata sana'a. Ya ba ta ƙarfin gwiwa. A watan Agusta, 1929 suka yi aure, tana da shekara 22 shi kuma 42.

A wannan zamani masu ilimi da masu fasaha na Meziko suna ƙoƙarin komawa ga al'adun 'yan asalin ƙasa, bayan sun daɗe suna ɗaukar cewa komai mai kyau daga Turai yake zuwa. Firida ta rungumi shigar matan Tehuwantefek na kudancin ƙasar: dogon siket har ƙasa, riga mai faɗi mai ado, da kitso da furanni. Shigar tana nuna kishin ƙasa, tana kuma rufe ƙafar da ta lalace da rigar da ke tallafe da bayanta. Saboda haka idan ɗan koyo ya zana wannan ado a yau, yana zana siyasa da ciwo ne a haɗe, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga 1930 zuwa 1933 suka zauna a Amurka, inda ake ba mijin aikin zanen bango. A Ditroyit, a 1932, ta yi ɓari, a shekarar kuma mahaifiyarta ta rasu. Zanen da ta yi game da ɓarin shi ne, a ra'ayina, inda ta daina zama ɗaliba. Ta yi shi a kan ƙaramin falle na ƙarfe, irin wanda talakawan Meziko ke sa a zana musu hatsari ko ciwon da suka tsira daga gare shi, su rataye a coci don godiya. Ta ɗauki wannan salo na talakawa, wanda manyan masu zane ba su ɗauke shi bakin komai ba, ta ba da labarin abin da mata ke fuskanta amma ba a saba nunawa ba. Ba ta taɓa samun haihuwa ba.

Auren nasu bai zauna lafiya ba. Ribera mai neman mata ne, har ya kai ga ƙanwarta Kiristina, abin da ya yi mata ciwo ƙwarai. Ita ma ta yi nata. Sun rabu a ƙarshen 1939, suka sake ɗaura aure a watan Disamba, 1940. Ba zan tsaya a kan wannan ba, domin an riga an yi ta rubutu a kai har ya so ya danne aikinta.

Yadda take zane

Yawancin zanenta ƙanana ne, waɗanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Mijin yana cika bangon gidajen gwamnati, ita kuwa tana zaune a kan allo guda tana jan gashi ɗaya bayan ɗaya. Fentin mai take amfani da shi, wanda yake ɗaukar kwanaki kafin ya bushe. Fentin akirilik na masu zane, wanda ake sirkawa da ruwa ya bushe cikin mintuna, sai a tsakiyar shekarun 1950 ya shiga kasuwa, lokacin ta riga ta bar duniya ko tana gab da bari. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ɗan koyo. Mai akirilik yana iya gama fuska a yamma ɗaya, in ya yi kuskure ya shafe ya sake, kuma wannan alheri ne. Amma saurin yana sa a manta da kallo. Ita ta shafe kusan shekara talatin tana kallon fuska ɗaya, kuma hotunan kanta da ta zana sun kai 55.

Mu ɗauki wanda ta yi a 1940, mai sarƙar ƙaya. Bayanta cike yake da manyan ganyaye kore, wasu sun soma komawa rawaya. Rigarta fara ce. Biri yana kafaɗa ɗaya, baƙar kyanwa tana ɗaya, ƙayar ta zagaye wuyanta har jini na ɗiga, an kuma rataya mataccen ɗan tsuntsu a tsakiya. Duk da wannan hayaniya, fuskar a natse take. Ba ta murmushi, ba ta kuka, tana kallon mai kallonta ne kawai. Launin fatar ma ba iri ɗaya ba ne: akwai ja a kumatu, akwai inuwa a gefen hanci da ƙarƙashin haɓa. Ta bar gashin da ke saman leɓenta, ta ma ƙara masa baƙi. Masu kwaikwayonta a yau sukan goge wannan gashi, su rage girar, su saka mata murmushi. Ni ina ganin wanda ya yi haka ya zana wata mace ce daban, ya ara mata furen Firida.

A littafin da take rubuta sirrinta ta jera launuka da abin da ko wanne ke nufi a wurinta. Rawaya, alal misali, ta danganta shi da hauka da ciwo da tsoro, alhali mu mukan ɗauke shi launin fara'a.

Kasuwa ta fara buɗe mata a 1938. A shekarar ta yi nunin zanenta na farko ita kaɗai a Niyok, da zane 25, aka sayi kusan rabi. A 1939 ta je Faris, gwamnatin Faransa ta sayi ɗaya daga cikin hotunanta. Wasu masu fasahar Faransa sun so su lissafa ta cikin masu zana mafarki, ta ƙi, domin a wurinta abin da ya same ta a zahiri take zanawa. A wannan shekara ta rabuwa da miji ta yi babban zanenta mai Firida biyu zaune riƙe da hannun juna, ɗaya cikin rigar Turawa ɗaya cikin ta gargajiya, zuciyoyinsu a fili, jijiya guda ta haɗa su.

Malama da ɗalibanta

A 1943 aka ɗauke ta koyarwa a makarantar zane ta La Esmeralda a birnin Meziko. Ɗalibanta sababbin shiga ne, yawancinsu 'ya'yan talakawa. Ba ta cika gyara musu aiki da hannunta ba. Takan fitar da su daga aji zuwa kasuwa da unguwanni su zana abin da idonsu ya gani. Da ciwo ya hana ta zuwa makaranta sai ta mayar da darasin gidanta a Koyowakan. Tafiyar da nisa, ɗaliban suka yi ta raguwa har suka rage huɗu, waɗanda aka riƙa kira da sunanta. Ta samo musu aikin zana bangon wata mashaya ta unguwa, domin su saba da aikin da mutanen titi za su gani su yi hukunci a kai.

Ƙarshen rayuwarta

Daga 1944 jikinta ya yi ta lalacewa. A shekarar ta zana kanta ɗaure cikin rigar ƙarfe da maɗauri, an tsaga jikin, ginshiƙin gini da ya farfashe yana tsaye a madadin ƙashin baya, ƙusoshi sun cika fatar. Ta kwashe mafi yawan 1950 a asibiti. Magungunan kashe zafi da barasa suka sa hannunta ya soma rawa, wanda ya san aikinta na baya zai ga bambancin a zanenta na ƙarshe, inda ta fi zana 'ya'yan itatuwa.

A watan Afrilu, 1953 aka shirya mata nuni ita kaɗai a ƙasarta, karo na farko. Likitoci sun hana ta tashi daga gado. Sai ta sa aka kai gadon nata zauren nunin, ita kuma aka kawo ta a motar asibiti, ta kwanta tana karɓar baƙi. A watan Agusta na shekarar aka yanke ƙafarta ta dama daga gwiwa. Ranar 2 ga Yuli, 1954 ta fita a keken guragu zuwa zanga-zangar nuna adawa da kifar da gwamnatin Gwatemala. Ta rasu ranar 13 ga watan, tana da shekara 47.

Bayan rasuwarta an daɗe ana ambatonta a matsayin matar Ribera kawai. An mayar da gidansu mai shuɗin fenti gidan tarihi a 1958, amma sai daga ƙarshen shekarun 1970 sunanta ya fara tashi, littafin tarihinta da ya fito a 1983 da fim ɗin da aka yi a 2002 suka ƙara yaɗa shi. A 1984 gwamnatin Meziko ta ayyana zanenta a matsayin dukiyar ƙasa, ta hana fitar da waɗanda ke cikin ƙasar don sayarwa. A 1938 wani ɗan wasan fim na Amurka ya sayi zanenta huɗu a kan dala 200 ko wanne. A watan Nuwamba, 2025 aka yi gwanjon wani zanenta na 1940 a Niyok a kan dala miliyan 54.7. Zanen yana nuna ta tana barci a kan gado, kwarangwal yana kwance a saman rumfar gadon.