Ishaku na Nineba: Bawan Allah da Ya Ƙetare Shingen Ɗarikoki

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, masu bi ba su da yawa, amma ɗarikokinmu da dama. Kowa da majami'arsa, wani lokaci har mukan yi shakkar bangaskiyar maƙwabcinmu domin sunan da ke rubuce a ƙofar cocinsa. Tarihin Ishaku na Nineba yana da abin da zai koya mana a kan wannan.

Tun kafin a haife shi Ikkilisiya ta rabu a kan yadda za a bayyana allahntakar Yesu Kristi da mutuntakarsa. Bayan taron Afisa na shekarar 431, Ikkilisiyar Gabas da ke ƙasar Farisa ta kama hanyarta, tana nanata bambancin halittu biyu ɗin, abokan gardamarta kuwa suka laƙaba mata sunan Nastoriya. Taron Kalsidon na 451 ya koyar da halittu biyu cikin mutum ɗaya, Roma da Girkawa suka karɓa. Masu bi na Masar da Habasha da Armeniya da wani sashe na Suriya suka ƙi, suka tsaya a kan halitta ɗaya wadda ta haɗa allahntaka da mutuntaka. Ɓangarorin uku suka daina cin Jibin Ubangiji tare, kowanne yana kiran sauran 'yan bidi'a.

An haifi Ishaku a ƙarni na 7 a yankin Bet Katraye, wajejen ƙasar Katar ta yau, cikin Ikkilisiyar Gabas. Ya yi rayuwarsa a zamanin da Musulunci ke bazuwa a waɗannan ƙasashe. Ya shiga zaman zuhudu, ya zama malamin Littafi Mai Tsarki. Wajen shekarar 676 shugaban ikkilisiyarsu, Giwargis, ya ziyarci yankin, ya tafi da shi, ya naɗa shi bishop na Nineba, kusa da Mosul a Iraƙi ta yau. Wata biyar kawai ya yi a kujerar ya sauka. Ya koma duwatsun Khuzistan a Iran ta yau, daga baya ya shiga gidan zuhudu na Rabban Shabur. An ce yawan karatu ya makantar da shi, sai almajirai ke rubuta abin da yake faɗi. Ya rasu da tsufa wajen shekarar 700.

Ya yi rubutu da Suriyanci a kan addu'a, tuba, tawali'u da jinƙan Allah. Ya koyar cewa zuciyar da Allah ya taɓa takan ji tausayin dukan halitta, har dabbobi da maƙiya. Bai ɓata tawadarsa a kan gardamar ɗarikoki ba, ko da yake wasu a cikin ikkilisiyarsa sun soki yadda ya faɗaɗa zancen jinƙai.

Wajen shekara ɗari bayan rasuwarsa, wasu masu zuhudu biyu a gidan Mar Saba, kusa da Urushalima, suka fassara shi zuwa Girkanci. Mabiya Kalsidon ne su, saboda haka aka cire sunayen malaman da ɗarikarsu ta la'anta, kamar Tiyodo na Mofsuwestiya, aka sa waɗanda ta yarda da su. Haka littafin ya shiga Larabci, Latin, harshen cocin Rasha da Ge'ez na Habasha. Girkawa da Rashawa suna tunawa da shi kowace 28 ga Janairu. Mutane da yawa sun girmama shi ba tare da sanin cocin da ya naɗa shi ba.

Gaskiya ba ta ɓuya. Masana sun tabbatar da asalinsa, a 1983 kuma Sebastian Brock ya gano kashi na biyu na rubuce-rubucensa a wani ɗakin karatu a Oxford, Ingila. A 1994 Paparoma John Paul na Biyu da Mar Dinkha na Huɗu suka sa hannu a kan sanarwar cewa bangaskiyarsu ga Kristi ɗaya ce duk da bambancin kalmomi. A Nuwamba 2024 Paparoma Francis ya sanar da sa sunan Ishaku cikin littafin tsarkaka na Katolika, wannan karon kowa ya san ko shi wane ne.

Ba ma cewa koyarwa ba ta da muhimmanci, kuma ba dukanmu ne ke da al'adar naɗa waliyyai ba. Amma ikkilisiyoyin da suka yi shekara 1,500 a rabe sun ɗanɗana 'ya'yan itacen nan, suka shaida daga Ruhu ɗaya ne. Da farko sai da suka ɓoye sunan gonar kafin su ci, yanzu sun daina. 'Yan'uwa, idan muka ga halin Kristi a wurin mai bi na wata ɗarika, kada mu jira sai ya zama namu kafin mu gode wa Allah dominsa. Ubangiji ya cika a cikinmu addu'ar da ya yi a Yohanna sura 17. Amin.