Ziryab, Makaɗin Udu Na Ƙurɗuba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku tarihin wani makaɗi wanda hassada ta kore shi daga garinsu, amma ta zame masa taki. Sunansa Abul Hasan Ali ɗan Nafi'u, amma an fi saninsa da Ziryab, wato sunan wani baƙin tsuntsu mai daɗin murya. Abin kiɗansa shi ne udu, mai kama da garaya, sai dai ya fi ta faɗin ciki da yawan tsirkiya.

An haife shi wajen shekarar 789, ya kuma tashi a Bagadaza, inda ya koyi kiɗa a hannun Is'haƙa al-Mausili, makaɗin fada. Masu tarihi, irin su al-Maƙƙari, sun kawo labarin cewa wata rana ya yi kiɗa gaban Halifa Haruna Rashid, har ya so ya shafe malaminsa. Malamin ya ji haushi, ya ba shi zaɓi, ko ya bar garin ko ya gamu da fushinsa. Ziryab ya zaɓi ƙaura.

Ya sauka Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau. Daga nan Sarkin Andalus, al-Hakam, ya aika masa goron gayyata. Ya taka ƙasar a 822, sai ya tarar sarkin ya rasu. To, ina zai nufa? Allah da ikonsa, sabon sarki, Abdurrahman na Biyu, ya karɓe shi hannu bibbiyu a birnin Ƙurɗuba, wanda ke ƙasar Sifen yanzu, ya yanka masa albashin dinari 200 kowane wata.

A can ya nuna gwanintarsa. Da ma tsirkiya huɗu udu ke da ita, sai ya ƙara ta biyar. Ya daina kaɗa ta da tsinken itace, ya koma amfani da gashin gaggafa. Ya buɗe makarantar kiɗa, inda ake gwada muryar ɗalibi kafin a ɗauke shi. An ce ma shi ya koya wa mutanen birnin jera abinci, a fara da romo, sai nama, a rufe da kayan zaƙi. Ya rasu a Ƙurɗuba a 857, 'ya'yansa maza da mata suka ci gaba da sana'ar.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda aka hana wa fage ya buɗe wa wasu makaranta. Mu ma a nan akwai mai jin zafi in ɗan ajinsu ya fi shi maki, har ya ɓoye masa littafi daf da jarrabawa. Ni dai a ganina, gara mu yi koyi da Ziryab, mu koya wa na ƙasa da mu abin da muka iya. Allah ya ji ƙansa, amin.